Maman Biyu Ta Sayo Tirela

Ai ta sayo fa, tana nan a ɗakinsu kusa da taga, a kan teburin da take yanka yadi. Kuma ba mai walƙiyar nan da Inna, uwar mijinta, ta so ba, baƙar ce, mai lotsawa a gefe. Tsaya ki ji yadda aka yi, don har an fara yawo da zance wai Maman Biyu ta sayar da keken surfaninta ta sayo wa ƙato abin wasan yara. Ta sayar ɗin, ba ƙarya ba ne. Amma masu faɗa ba su san kan zancen ba.

Kin dai san Baban Biyu, mijinta. Shekara goma sha ɗaya yana jan tirela. Mutumin da in ya dawo daga tafiya tun daga bakin layi ake jin muryarsa yana tsokanar mai wanki, ya shigo ya ɗaga tagwayensa ɗaya a kowane hannu. To tun hatsarin nan da ya yi wata bakwai da suka wuce, aka sa masa ƙarfe a ƙafar hagu, likita ya ce masa kulocin babbar mota kam sai haƙuri, shi ke nan mutum ya canza. Ƙafa tana warkewa, shi yana ƙara shigewa ciki. Ya juya kujerarsa ta kalli bango. Abokansa direbobi su zo dubiya, ya ce a ce musu yana barci. Dogo, amininsa tun suna koyon mota, sau huɗu yana juyawa daga bakin ƙofa, har ya daina zuwa. Tagwayen ma sun koyi sanɗa in za su wuce ta gabansa, yara 'yan shekara uku fa. Ita Maman Biyu ba ƙafar ce ta dame ta ba, ƙafa ai ga sanda. Mijinta take nema. Yana zaune wuri guda amma kullum tana ganin yana ƙara yi mata nisa.

Ran nan ta raka shi asibiti wurin gashin ƙafa. Suna kan benci suna jiran layi, wani mutum a gefensu, hannu a ɗaure, yana kallon bidiyo a waya. Tirela ce a ciki, amma ta gem, irin wanda mutum yake kamar yana zaune a gaban mota, ga sitiyari ga madubi ga titi. Baban Biyu ya saci kallo ya kau da kai. Ya sake satar kallo. Can sai ta ji ya ce, "Da wannan gudun zai shiga kwana? Bodin zai kwashe shi."

Bai rufe baki ba tirelar ta kife.

Mutumin ya yi dariya ya ce, "Malam, kai direba ne?"

Baban Biyu ya ce, "Da can." Ya tsuke bakinsa.

Amma ita ta riga ta ji. Wata guda cur ba ta ji ya jera magana mai tsawon wannan ba. Da aka shiga da shi, ta ja likitar gashin ƙafar gefe, wata matashiya mai fara'a, ta tambaye ta wannan abin a ina ake samunsa. Likitar ta ce ba na waya ba ne, kwamfuta yake so, kuma ba irin ta ofis ba, mai ƙarfin hoto.

"Kada ki yarda a ce ki sayi kayan ɗaya-ɗaya a haɗa miki, ruɗa ki za a yi. Ki nemi wadda aka riga aka haɗa, mai garanti. Talabijin ɗinku ya isa allo. Sai sitiyari da abin takawa." Ta rubuta mata sunan wasan a bayan katin asibiti.

Keke biyu gare ta. Akwai na ƙafa, tsoho, wanda ta fara sana'a da shi, akwai kuma na surfani mai lantarki, wanda shi Baban Biyun ya sayo mata shekarar da ta haihu. Kwana uku tana kallonsu. Ranar huɗu ta kira wata tela a bayan layinsu da ta daɗe tana maitar na surfanin, suka daidaita, aka fitar da shi ta ƙofar baya Baban Biyu yana banɗaki. Kuɗin nan kuwa su ke nan. In ta zaɓi banza, babu keke na uku.

Inna, uwar mijin, tana tare da su tun da abin ya faru. Da ta ji labari ta ajiye kofin shayinta ta dube ta sama da ƙasa.

"Ɗan nawa mai gemu za ki sayo wa abin wasa?"

"Inna, tirela zan sayo masa."

"Allah ya shirye ki, 'yar nan." Sai kuma ga ta tana neman takalminta. "Tashi mu je. Ke da ko albasa aka yi miki farashi sai ki biya har da godiya."

Suka bar tagwaye wurin maƙwabciya suka hau mota. Shagon kwamfutar a saman bene yake, matakala ashirin da wani abu, Inna tana hawa tana mita. Ciki sanyi ƙalau, wayoyi sun nannaɗe a ƙasa, kwalaye har rufi. Mai shagon wani siriri ne mai tabarau, bakinsa kamar an sa masa batir. Maman Biyu ta miƙa masa katin asibiti ta bayan, ta faɗa masa iyakar abin da ke hannunta, ta ce har da sitiyari a ciki.

Ya ce, "Anti, kin zo gida." Ya danna wani maɓalli.

Ke, ba ki ga abin ba. Akwati ne mai gilashi a gefe, fanka uku a gaba suna juyawa, ja ya koma shuɗi, shuɗi ya koma kore, har fuskar Inna tana canza launi. Inna da ta zo hana cuta sai ga ta ta dafa ƙirji.

"Wannan za a ɗauka. Ɗan nan, naɗe mana."

"Mama ta san abu mai kyau," in ji mai shago. Ya shiga jero wa Maman Biyu haruffa da lambobi, wannan bakwai ne, wancan sha shida ne. Ita kuwa makaranta a aji biyu na sakandare ta tsaya, ba abin da ta tsinta. Kanta ya ɗau zafi. Har ta kai hannu jaka, don kunyar a gane ba ta fahimta ba. Sai yatsunta suka taɓa wani ƙyalle.

Guntun jins ne, ninki huɗu, kullum yana cikin jakarta. Duk telar da za ta sayi keke a unguwarsu sai ta nemi rakiyar Maman Biyu, kuma ita ba ta duban fenti. Tana zuwa take cusa jins ɗin nan a ƙarƙashin allura ta taka. Keken da aka yi wa kwalliya a kan atamfa zai yi ta gudu lafiya lau, amma a kan jins sai ya fara tsallake ɗinki yana kuka. Ta zaro hannunta ba kuɗi.

"Malam, wannan wasan, ina ne wurin da ya fi ba injin wahala?"

Ya gyara tabarau. "Kamar yaya, Anti?"

"In zan sayi keke da yadi mai kauri nake gwadawa. Shi wannan mene ne yadinsa mai kauri?"

Ya ce to, in an shiga tsakiyar gari, motoci sun yi yawa, ga ruwan sama, an ƙure kyan hoton.

"Sa mini shi haka."

"Ai sai an sauke wasan, zai ɗau lokaci."

"Inna, ga kujera."

Suka zauna. Mai shago ya ga ba tashi za su yi ba, ya tuna ashe yana da wasan a wani ɗan faifai. Ya sa. Tirela ta fito a allo, ruwa yana zuba a gilashi, abin goge gilashi yana kai da kawowa. Minti biyar na farko lafiya. Maman Biyu ba ta ma kallon allon sosai. Ta durƙusa ta kara kunnenta a jikin akwatin, tafin hannunta a baya inda iska take fita. Mai shago yana ta kallon Inna, Inna ta ce masa, "Ƙyale ta, haka take yi wa yara in suna zazzaɓi."

Kafin minti goma sha biyar iskar ta koma kamar ta bakin dutsen guga. Fankokin suka ɗau kuka. A allo kuma motar gaba ta tsaya cak, sai ta ɓullo can gaba, ta sake tsayawa.

"Tana tsallake ɗinki," in ji Maman Biyu.

"Anti, a rage kyan hoton kaɗan, shi ke nan."

"Buɗe mini ita."

Ya buɗe gilashin. Ba ta san sunan ko abu ɗaya a ciki ba, amma ta san kan ƙusa. Na gidan, wato akwatin waje, sababbi ne fil. Na ciki kuwa, waɗanda suka riƙe babban farantin, duk sun cinye, sukudireba ta sha hawa kansu. Ta sa farce a lungun wata ƙaramar fanka ta ciro ƙura har ta dunƙule. Ta nuna masa a kan yatsa.

Mai shago ya sosa ƙeya, sai ya yi dariya. "Ni dai ban ce miki cikin sabo ne ba. Gidan ne sabo."

"Shekararsa nawa?"

"Ƙwaƙwalwar za ta kai tara. Ko goma."

"La'ila," in ji Inna. "Tsohuwa aka sa wa jan baki." Amma ba ta daina kallon fitilun ba.

Daga nan ya daina yi mata ruwan lambobi. Ya jawo kujera ya zauna kamar mutum, ya ce a kuɗinta akwai guda ɗaya, amma ba ta da kyan gani, shi ya sa bai fito da ita ba. Ya jawo ta daga ƙarƙashin kantar shagon. Baƙa ƙirin, ba gilashi ba fitila, gefenta a lotse, wai wurin saukewa daga mota ta faɗi, kowa ya gani sai ya wuce. Sabuwa ce, da garantinta na shekara. Ya buɗe ya nuna mata wani abu mai fanka biyu ya ce wannan shi ne katin hoto, shi yake jan wasan, kuma nan kuɗin suka tafi. Wurin ajiyarta kaɗan ne, ram ɗinta, wato ƙwaƙwalwar aikinta, ita ma daidai wa daida, amma waɗannan ana ƙarawa daga baya da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Ta ce, "Wato kan keken mai kyau ne, teburin ne ƙarami."

Ya ce, "Anti, da zan ɗauke ki aiki da na huta."

Ba ta yarda da baki ba, aka sa wa wannan ma ruwan sama da cunkoso. Rabin awa tana durƙushe. Iska ɗumi-ɗumi, ƙara ɗaya tun farko har ƙarshe, mota tana tafiya sumul. Sannan ta tuna abin da ya fi komai.

"Malam, ana iya tuƙa ta ba kuloci? Ƙafar dama kawai?"

Ya dube ta, ya dubi katin asibitin da ke kan kantar shagon, yanzu ya juya gabansa. Ya ce ana iyawa, giyar za ta riƙa shiga da kanta. Sitiyari ya ba ta na hannu, fatar ta ɗan goge amma lafiyarsa ƙalau, Inna ta tsaya a kansa da ciniki har sai da ya ce, "Mama, ki bar ni in ci abinci yau." Ya ce in akwai matsala a dawo da ita cikin kwana uku. Suna shirin fita Inna ta kwance jakarta ta sayi wata igiyar fitilu masu canza launi da kuɗinta.

"Ɗana ba zai zauna da abu kamar akwatin mita ba."

To a gida ne aka sha kallo. Mai shago ya yi wa kowace waya alama da tef mai launi, Maman Biyu ta jona komai da kanta, ta ɗaure sitiyari a bakin teburin yanka. Baban Biyu ya juyo da kai ya duba. Ya dubi kusurwar da keken surfani yake zama, ya ga tabarma kawai.

"Ina keken?"

"Na sayar."

"Kika sayo mene?"

"Tirela ce, Baban Biyu. Irin wadda ka gani a asibiti."

Da ya yi magana, a hankali ya yi, gara ma ya yi faɗa.

"Na zama yaron da ake rarrashi da abin wasa ke nan. Ki mayar musu. Ki karɓo kekenki."

Ya juya wa bango. Ranar ko abincin rana bai taɓa ba. Ta shiga kicin ta yi kukanta a gaban tukunya, Inna ta shigo ta karɓi ludayin ba ta ce na faɗa miki ba. Washegari ma haka. An rufe akwatin da ɗankwali, ba mai ɗagawa.

Rana ta uku da hantsi, ranar ƙarshe ta mayarwa, ta ce bari dai ta kunna ta tabbatar lafiya lau za ta mayar wa mutum kayansa, kada ya ce sun ɓata. Ba da wata dabara ta yi ba, ta riga ta sallama. Ta zauna, ta rage ƙara, tirela ta fito a cikin wani gareji. Ta ɗora ƙafa a kan abin takawa.

Kin san ƙafar tela. Shekara goma tana taka keke, ƙafarta ba ta san a danna a riƙe ba. Gaba, baya, gaba, baya, yatsu da dunduniya. Injin ya yi vuum, ya mutu, vuum, ya mutu. Tirela ta zabura ta tsaya, ta zabura ta tsaya, kamar mai shaƙuwa. Tagwaye suka leƙo suna ƙyalƙyala dariya a cikin hannu. Ita kuwa ta ɗauka injin ne ya lalace, ta ƙara sauri, abu ya ƙara rikicewa.

Daga bango aka ce, "Za ki kashe injin nan."

Ba ta juya ba. Vuum, vuum.

"Maman Biyu, totur ne, ba ɗinki kike ba. Danna ki riƙe."

"Ai dannawa nake."

"Lilo kike yi masa. Ɗaga ƙafar. Ki ɗaga mana. Ga ginshiƙi nan a hagunki, ba kya duba madubi?"

Ta kwashi ginshiƙin. Sai ta ji ƙarar sanda a kan siminti, ƙwas, ƙwas, har bayanta.

"Matsa."

Ta matsa. Ya zauna, ya miƙe ƙafar hagun gefe, ya jingine sanda. Ya kama sitiyarin ya juya shi dama da hagu yana jin nauyinsa, ya taɓe baki ya ce ya yi sakwal da yawa. Ya tambaye ta ina ake gyara madubi. Ta ce ita ina ta sani. Ya lalubo da kansa. Daga nan ya sa ribas, hannu ɗaya a sitiyari, ido a madubi, ya tura doguwar bodin nan tsakanin wasu tireloli biyu, tafiya ɗaya ba gyara. Wani rubutu ya fito a allo da taurari.

"Me suka ce?" in ji Inna daga bakin ƙofa.

"Wai na iya," in ji shi. Sai dariya ta kufce masa. Ya so ya riƙe, ta ƙi. Tagwaye suka ga haka suka kwasa da gudu, ɗaya ta haye cinyar dama, ɗaya ya kama sitiyari, tirela ta hau kan shingen titi, yana cewa, "Kai, kwandastan banza, za ka ja mana tara."

Inna ba ta ɓata lokaci ba, ta ɗauko igiyar fitilunta ta naɗe baƙin akwatin da ita kamar ana ɗaure kaya.

Har la'asar yana kan hanya. Abinci a kan teburin ya ci, a wani wurin hutawa da ya faka, wai ba a ci ana tuƙi. Da Maman Biyu ta zo ɗaukar kwano ya riƙe mata hannu, idonsa a allo.

"Keken nan, ni na saya miki shi."

"Na sani."

"Zan sake saya. Ban san yaya ba tukuna. Ofishinmu sun taɓa cewa suna neman mai tsara wa direbobi hanya, na ƙi ɗaga wayar." Ya saki hannun ya shiga kwana a hankali. "Gobe ki tuna mini."

Ta ce to.

Ya ƙara tafiya kaɗan, sai ya ce, "Dogo ba zai iya ribas ɗin nan ba. Shekara nawa ina faɗa masa da madubi ake yi, shi sai ya leƙa kai waje. A ce masa ya zo in kunyata shi. Ya taho da su Mai Taya da sauran direbobi, duk wanda ya ga dama."

Lambar Dogo kuwa ta ƙi shiga tun jiya, an ce ya canza layi. Don Allah in mijinki zai bi ta garejin manyan motoci, ya faɗa masa Baban Biyu yana nemansa, kuma idonsa biyu. Ki gaya wa matar Mai Taya ma. Su zo da kujerunsu, na gidan ba za su isa ba.